Farantin Inna na Goma Sha Biyu

A zamanin da na tashi, idan aka yi haihuwa ko rashin lafiya a gidan ɗan'uwa, ba a aika gaisuwa da baki kawai. Mace takan dafa abin da ta fi iyawa, ta zuba a mazubin da ya fi kyau a ɗakinta, ta rufe da faifai, ta ɗaure da ƙyalle, a kai. Wanda aka kai wa kuma ba ya mayar da mazubin nan wayam. Ko kuka ce, ko gishiri, ko ƙwai biyu, sai ya sa wani abu a ciki, kuma sai wani ya taka da ƙafarsa ya mayar. Abinci ɗaya, ziyara biyu ke nan. Yau ina zaune a nan Gumel ina kallo ana kawo wa jikokina abinci a robar da ake jefarwa da zarar an cinye, babu mai jiran ta dawo. Ba kukan zamani zan yi muku ba, don na ga ƙasashe da dama, kowace da irin nata sauyin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ji kuna faɗa a tsakaninku, ku 'ya'yana, wai gonar Baba ta Gagarawa ce ta shiga tsakanina da Gwaggonku Habi a ƙarshen rayuwarta. Ba mu taɓa yin ko musu a kan gona ba. A kan faranti ne, kuma laifin nawa ne.

Kakanku fatauci yake yi na gyaɗa da fata tsakanin Gumel da Damagaram. A shekarun da Faransawa ke haɗa kayansu za su tafi, kukun wani kumandan, wanda suka daɗe suna hulɗa, ya bar masa wani akwati da maigidansa ya ƙi ɗauka saboda nauyi. A ciki akwai faranti goma sha biyu masu zurfi da babbar tasa mai murfi, duk na tangaran. Farare ne tas, bakinsu da shuɗin layi, sai wani siririn zare na ruwan zinariya, a tsakiya kuma zanen zangarniyar alkama guda uku. Baba ya jera su a mangala cikin ƙaiƙayi, jaki ya ɗauko su ta Maigatari, ko ɗaya bai fashe ba. Inna tana da jerenta kamar kowace mace, langa da samira da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, sai ta ɗora waɗannan can ƙololuwa. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, har wata ta nemi a bar ta ta taɓa da yatsa ɗaya.

Amma Inna ba ta bar su sun tsufa a sama ba. 'Ya'yanta mata huɗu ne kafin ni, shi ya sa ake ce mini Tanko. Duk wadda za a kai ɗakin miji, sai Inna ta sauko da faranti ɗaya ta ɗora a kan kayanta. Da 'ya'ya suka ƙare ta koma kan jikoki, har sha biyun suka ƙare. Maganarta ɗaya ce ga kowace amarya, na ji ta da kunnena ya fi sau biyar.

“Wannan ba na kallo ba ne, na aike ne. In kin ji 'yar'uwarki ta haihu, ko ciwo ya kwantar da wani namu, ki zuba ki aika.”

Haka kuwa aka yi. Duk gidan da aka ga an shigo da ƙunshi, aka kwance aka ga shuɗin bakin nan, an san dangi ne suka zo gaisuwa. Farantan suka yi ta yawo tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a ka, a kan jaki, daga baya a motar haya a kan cinya. Mun saba da su har ba ma ganinsu. Babbar tasar ce kaɗai ta zauna wurin Inna, kuma da yake a gidana ta ƙare kwanakinta, a nan tasar ta tsaya.

Ni kuwa ban zauna ba. Faransanci na koya a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, wurin ƙanen Baba. Fulatanci na sha a nono, don kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce. Larabci da Turanci hanya ce ta koya mini su. Da bakunan nan na shiga cinikin riɗi da zoɓo, da farko ina yi wa manyan fatake tafinta, daga baya na tsaya da ƙafata. Na san Yamai da Kwatano kamar bayan gidanmu, na zauna a Alƙahira da Jidda, na je Santambul, na je Marsiliya ta Faransa. Duk inda na sauka, abin da idona ya fi kamawa shi ne yadda mutane ke cin abinci da abin da suke ci a ciki. Misirawa suna jera tangaran a falo don baƙo ya san gidan da ya shigo. Turkawa ba su damu da babban faranti ba kamar ƙananan kofuna. Faransawa kuwa suna gadon kayan tebur kamar yadda muke gadon gona.

A Marsiliya ne abin ya kama ni. Ina jiran takardun wasu kaya, na rasa abin yi, na faɗa kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ranar Lahadi. Wata tsohuwa mai rumfar tangaran ta ga ina jujjuya wani faranti, sai ta koya mini abin da ban sani ba: a ɗaga shi ga haske, in na gaske ne za a ga inuwar yatsu ta bayansa, a ƙyasta shi da farce, in lafiyayye ne zai yi ƙara mai tsawo, in yana da tsaga a ɓoye sai ya amsa a daƙile. Ta juya gindinsa ta nuna mini hatimin masana'anta. Na ba ta labarin tasar Inna, na zana mata alkamar a takarda. Ta gane ta nan take, ta ce aikin shekarun bayan babban yaƙi ne, an daina yinsa tuntuni. Ta tambaye ni faranti nawa ne, na ce sha biyu. Ta ce nawa suka rage, na ce duk suna nan.

“A gidanka?”

“A'a, a gida sha biyu.”

Tsohuwar nan ta dafe kai. Ta ce tun da take sana'ar ba ta taɓa haɗa cikakken sha biyu na irin wannan zane ba, kuma raba su kamar raba 'yan uwa ɗaya ne a watsa su uwa duniya. Na yi dariya a lokacin. Amma daga ranar na fara sayen tangaran, kofi a nan, butar shayi a can, duk na shekarun da aka haife ni, ina naɗe su a cikin riguna ina kawowa gida. Maganarta kuma ta zauna mini a rai shekara da shekaru.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda gwiwa ta hana ni tafiya mai nisa. Wasunku suna makaranta a lokacin, wasu sun yi aure, ba ku ga yadda na zama ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai cika wata biyu a gado ɗaya ba, aka ce ya zauna. Da safe in fita ƙofar gida, in dawo, in shiga ɗakin da na jera kayana, in goge abin da na goge jiya, in sake fita. In na ji ƙarar babbar mota ta nufi Maigatari sai in ji kamar an bar ni a tasha. Abokaina na majalisa suka sa mini suna Alhaji Amarya, wai na yi jere ya fi na 'ya'yansu. Ummanku ma ba ta ƙyale ni ba.

“Alhaji, in dai ba ka samu abin yi ba, ga wake can a tsince. Wannan kai-komo naka har kaji sun daina zama a tsakar gida.”

Ran nan na tsaya gaban kabad mai gilashi ina kallon tasar Inna ita kaɗai, sai na ga wurin da faranti sha biyu za su zauna, shida a dama shida a hagu. A daidai nan na samu tafiyar da gwiwata za ta iya.

Na fara da na cikin Gumel, sannan na shiga sauran garuruwa. Nakan sayi sabbin kwanuka 'yan yayi, kwali guda, in sa a mota, in je gidan 'yar 'yar'uwata, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa. Bayan gaisuwa in ce a ɗauko mini farantin Inna. In ɗaga shi ga rana in nuna mata yatsuna, in ƙyasta, in juya in karanta mata Faransancin da ke gindi. In gaya mata shekarunsa, in ce a Turai masu kuɗi neman irinsa suke ido rufe, kuma abin tsoro ne a ce irin wannan yana yawo a motar haya. Ina faɗa ina jin daɗin bakina. Babu wadda ta ce mini a'a. Yanzu na san ba don sun yarda ba ne, don dai ba a ce wa kawu a'a ne. 'Yar 'yar'uwata ta Maigatari ma, ranar Alhamis na same ta, gidan cike da baƙin kasuwa, ta juye dabinon da ke ciki a faifai ta miƙo mini da hannu biyu, kanta a ƙasa.

A wajen Sule Tankarkar kaɗai na ji wata magana. A'i, jikar Inna, tana aure a gidan Fulani masu noma da kiwo. Surukarta na zaune tana kaɗa nono lokacin da nake bayanina. Da na gama sai ta tambaye ni da Fulatanci, a cikin me za su riƙa aika wa dangin A'i man shanu. Na nuna mata kwalin, na ce ga guda goma sha takwas nan, har da murafensu. Ta dube su ta ci gaba da kaɗa nononta, ta ce sabuwar saniya ba ta san hanyar rijiya ba. Na yaba mata iya magana, na ɗauki farantina na shiga mota.

Kafin wata uku na haɗa sha ɗaya. Saura na Yaya Habi, babbarmu, wadda ita aka fara ba wa. Ita ta goye ni, kuma a duniya ita kaɗai ta rage mai kirana Tanko. Na same ta a gidanta na Gagarawa, a inuwar darbejiya, tana ɓarar zoɓo, yatsunta sun yi ja. Labari ya riga ni isa.

“A'a, Tanko mai jere. An ce ka gama yawon duniya ka koma kwasar kayan ɗakin mata. In sa a ɗinko maka zani?”

“Yaya, adana su nake yi. Yaran nan ba su san darajarsu ba.”

“Shekara nawa suna hannunsu, wanne ya fashe?”

“Allah ne ya kiyaye.”

“To, Allahn yana nan, bai yi tafiya ba.”

Na ce ta dai bari in gani. Ta sa aka ɗauko. Nata ya fi na kowa shan hanya, zinariyar ta kusa gogewa, bakinsa kuma da ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero. Na ɗaga shi ga haske, na fara karatuna. Ta bar ni na kai ƙarshe, har inda nake cewa raba su kamar raba 'yan uwa ɗaya ne.

“Wa ya gaya maka haka?”

“Wata tsohuwa ce a Faransa, masaniyar abin.”

“Ita ta san Inna? Mu ma ai uwa ɗaya muke, aka raba mu gari huɗu, ba mu fashe ba. Miƙo mini abina. Ka ci tuwo kafin ka tafi, ka rame kamar kazar mayu.”

Sau uku ina komawa. Na kai mata atamfa, ta karɓa ta yi godiya. Na ce ta ba ni aro na mako ɗaya in ɗauki hoto, ta ce in kwaso sha ɗayan in kawo Gagarawa mu ɗauka tare, har da ita a tsakiya. Duk dawowar da zan yi sai in tsaya gaban kabad ɗin, ba na ganin sha ɗayan da ke ciki, gurbin nan ɗaya nake gani. Na taɓa zama a filin jirgi kwana biyu ban ƙosa ba kamar yadda na ƙosa a gidana a watannin nan.

Da bazara aka yi mini aiki a gwiwa. Kwana huɗu da dawowata gida, da hantsi, ina kishingiɗe a falo, sai ga sallamar Rabi, 'yar Yaya Habi, wadda ke koyarwa a firamare a can Gagarawa. Ta nemi izini a makaranta ta shigo motar haya, da ƙunshi a hannu. Ummanku ta kwance ƙyallen, ta ɗaga faifai. Dambun zogale ne, irin wanda Inna ke yi, ya sha man shanu da ƙuli, a cikin farantin. Duk cikin dangi shi kaɗai ne ya rage yana aike, kuma Yaya ta san inda take aika shi. Ta san abin da nake nema, ta kuma aiko, don ƙanenta ba shi da lafiya, kuma abin da aka yi farantin dominsa ke nan.

Na ci dambun nan tas, rabona da cin abinci haka tun kafin asibiti. Rabi ta shiga ciki suna hira da Ummanku, tana jiran la'asar ta yi ta koma. Can Ummanku ta fito ta ɗauki farantin ta wanke, ta dawo da shi ta fara jera dabino a ciki, da 'yar kwalbar turare a gefe. Na ce ta miƙo mini in duba wani abu. Na juye dabinon a tire, na dogara sanda na nufi ɗakin kayana. Ta biyo ni, ta rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya don kada Rabi ta ji.

“Alhaji, me za ka yi?”

“Zan sa shi inda ya dace.”

“Abinci aka aiko maka. Ba a riƙe kwanon aike, ko na maƙwabci ne, balle na Yaya.”

“Zan ba ta abin da ya fi shi sau goma.”

“Ba ta ce tana sayarwa ba. Ka ji tsoron Allah, ka ba yarinyar nan ta tafi da shi. Wallahi in ka riƙe, ni ba zan iya haɗa ido da Yaya ba.”

Na ce mata maganar gidanmu ce. Ban taɓa gaya mata haka ba a zamanmu, sai ran nan. Ta buɗe ƙofa ta fita. Na sa farantin a gurbinsa, na murza makulli.

Da Rabi ta fito za ta tafi, na sa an ajiye mata kwali mafi girma, da turmin atamfa, da dabinon a leda. Ta durƙusa ta yi godiya, ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa tana naɗe ƙyallen da faifan a hannu.

“Kawu, farantin fa?”

“Ki ce mata yana wurin 'yan'uwansa.”

Malama ce, ta iya magana, amma ba ta ce komai ba sai “To, Kawu. Allah ya ƙara sauƙi.”

Na zaci Yaya za ta aiko da faɗa, har na shirya amsa. Na zaci za ta zo da kanta ta zage ni tas ta ƙwace abinta, in da ta yi haka da mun yi dariya an wuce wurin. Shiru. Na ɗauki hoton sha biyun da tasarsu, na tura wa wani dillalin tsofaffin kaya da na sani a Faransa, ya amsa da yabo mai yawa. Na karanta saƙon sau uku, na ajiye wayar. Daɗin bai kai kwana biyu ba. Na ci gaba da fita ƙofar gida ina dawowa, sai dai yanzu ba ni da inda zan nufa.

Da na fara takawa sosai na tafi Gagarawa. Na yi sallama, ta amsa daga ɗaki, ta sa aka shimfiɗa mini darduma sabuwa, irin wadda ake fitarwa don baƙo.

“Sannu da zuwa, Alhaji. Ya ƙarfin jiki? Ya Hajiya da yara?”

Shekarata ashirin da zuwa Makka, ba ta taɓa ce mini Alhaji ba sai in za ta yi mini ba'a. Wannan karon babu ba'a a ciki. Muka gaisa kamar surukai. Na hango kwalina a ƙarƙashin gadonta, ko igiyar ba a kwance ba. Na buɗe baki zan yi maganar, sai girman kai ya ce mini ai ita ma ta san na fi ta sanin darajar abin, za ta huce. Na sha ruwa na tashi.

A watannin da suka biyo baya A'i ta haihu. Na tambayi Ummanku wa ya je, ta ce an yi mata barka ta waya, sai ranar suna za a haɗu. Mijin ta Maigatari ya yi haɗari da babur, nan ma waya. Ba wanda ya yanke zumunci, ba wanda ya yi fushi da wani. Kwanuka kuma cike da ɗakunansu, ni na kai musu. Amma babu kwanon da in ya kwana biyu a gidan wata, za a ce tashi ki mayar, kada a ce kin riƙe farantin Inna. Na lura da wannan, na kuma kawar da kai.

Da damina ta yi nisa Yaya ta kwanta. Ummanku, wadda ta yi wata biyar ba ta taɓa zancen ba, ta same ni a tsakar gida ta ce ta dama fura, ta kuma samo zuma mai kyau, in ba ta makullin kabad. Na ce hanya ta lalace da ruwa, ramuka ko'ina, a bari ta bushe, a zuba a kula. Aka kai a kula. Sai da aka fara yankan gero, Rabi ta kira ta ce jikin ya ƙi, sannan na buɗe kabad ɗin da hannuna. Na zuba zuma da dabino, na rufe da faifai, Ummanku ta ɗaure, na riƙe a cinya har Gagarawa.

Ta rame ƙwarai, amma hankalinta garau. Rabi ta tayar da ita ta jingina ta da matashi. Na kwance ƙunshin na ajiye a gabanta, na ce na kawo mata abinta, ta yafe mini. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta kai hannu ba.

“Na yafe maka tun ranar, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Rabi, juye zumar, ki wanke ki ba shi.”

“Yaya, naki ne. Na dawo da shi ke nan.”

“Ba fushi nake ba. Ka ce masu kuɗin Turai nemansa suke. Ka ce abin tsoro ne ya shiga mota. Shekara sittin ina ɗaukarsa da hannu ɗaya, da goyo a bayana, ban taɓa jin tsoro ba. Tun ranar da ka yi mini karatun nan, ba na iya ɗaukarsa sai da hannu biyu. Ran da na aika maka dambu, sai da na ja wa Rabi kunne sau uku. Ka tafi da shi inda ba zai fashe ba.”

Rabi ta wanke ta kawo. Ta duba ɗakin tana neman abin da za ta sa a ciki, uwar ta ce ta bari, babu komai a gidan da ya kai a zuba a irin wannan. Haka na fito da shi wayam. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu, ba ta sake kirana Tanko ba.

Bayan sadakar arba'in na kwashe sha biyun na sake bin garuruwan nan huɗu, na mayar wa kowace nata, na Yaya na ba Rabi. Na maimaita musu maganar Inna kalma da kalma, cewa na aike ne. Duk suka karɓa da hannu biyu, suka yi godiya. Da na koma zagaye bayan shekara, na tarar kowace ta sa nata a kabad, wasu sun naɗe a tsumma sun kai ƙasan akwati. A'i har ta ɗaga nata ga haske ta nuna wa baƙuwarta yatsunta, ta ce Kawu ya ce babu irinsa yanzu ko a Faransa. Na roƙe su, na yi faɗa, na ce in ya fashe ni zan ɗauki laifin. Suka ce to, Kawu.

Sauran tangaran ɗina suna nan a ɗaki, in na mutu ku yi yadda kuka ga dama da su. Farantan Inna kuwa duk sha biyun lafiyarsu ƙalau, ko ɗaya bai fashe ba, kuma na tabbata za su kai ga jikokinku. Amma dambun da Gwaggonku Habi ta aiko mini shi ne abinci na ƙarshe da wata mace a danginmu ta aika a cikinsu. Tun daga shekarar nan babu farantin da ya sake fita daga gidan da yake.